Ƙwanjin Mma Lariba

Na haihu! To, na faɗa, mai harara ya harare ni. An ce mai ɗan fari ba ta rawar kai, ba ta kiran sunan yaron, in akwai manya a wurin ko kallonsa ba ta yi. A tsakar gida ina kiyayewa, amma nan takarda ce, kuma ban yi firamare a banza ba. Namiji ne, sunansa Yusif. Da gashinsa ya zo cike da kai, har wanzami ya ce bai taɓa aske irinsa ba a duk Salaga. Yatsun na ubansa Mutaru ne, kunnen nawa ne, in yana shan nono kuma sai ya damƙe rigata kamar wani zai ƙwace masa. Kai, in na fara ba zan gama ba. Labarin Mma nake so in ba ku.

Ni Rafi'atu 'yar Bawku ce, aure ya kai ni Salaga, inda Mutaru da 'yan'uwansa suke lodin doya zuwa Kumasi. Mma Lariba ita ta haife ni. Ni ce auta, ni kaɗai ce mace. Yayyena maza duk sun haihu, amma matansu kowacce gidan uwarta take tafiya wanka, don haka Mma ba ta taɓa wanke jikanta da hannunta ba. Matar da ta wanke rabin yaran zangonmu fa! A da in an haihu, kafin a aika wa liman an riga an aika wa Mma.

A kasuwar albasa ta Bawku in ka ce Lariba, sai a ce maka wacce. In ka ce Mai Ƙwanji, kowa zai nuna maka rumfarta. Sunan ya fito ne shekarar yunwa, shekarar da daji ya ƙone aka koro mutanenmu daga Agege. Ina ƙarama lokacin. Ana sauke albasa daga lori sai buhu ɗaya ya zamo, Mma ta tara hannun dama ta tare shi. Ta ce ta ji ɗas a cikin gwiwar hannun, kamar igiyar guga ta tsinke. Hannun ya kumbura ya yi baƙi har wuyan hannu. Maɗori ya lalluba ya ce ƙashi lafiya lau, ya shafa man kaɗe ya ɗaure. Wa zai je asibiti a shekarar nan don hannun da bai karye ba?

Da kumburin ya sace, sai ga naman damtsen ya tattare ya hau wajen kafaɗa, ya yi curi irin na 'yan dambe. Ƙasansa kuma, dab da gwiwar hannu, ya yi rami. Mutane curin suka gani. Aka ce Lariba ta tare buhu da hannu ɗaya, ga shaida nan. Masu lori su ce ta naɗe hannun riga su gani, ta naɗe tana dariya. Daga nan duk kayan da ya yi nauyi sai ka ji an ce a kira Mai Ƙwanji.

A gida kuwa ni ke matse wanki, ni ke tuƙa tuwo, in makulli ya cije ni ke murɗawa. Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka aikin 'ya mace ne. Wankan jarirai ma a shekarar ta bari, ta ce kasuwa ta yi mata yawa.

To, ranar suna Mma ba ta zo Salaga ba. Ta aiko da zannuwa, da sabulu, da man kaɗe cike da ƙwarya, da albasa, da saƙon cewa hanya ta lalace. Surukata Hajiya Awawu ta dubi kayan ta ce, "Ikon Allah. Hanya ta lalace, amma albasa ta iso." Na yi kamar ban ji ba. Ai ina da inda zan huce: bayan suna za a kai ni gida wanka, Mma ta wanke mini yarona har ya yi ƙwari.

Mutaru ya zaɓo doya manya-manya ya ɗaure wa Mma, ya sa mu a lorin da ke zuwa Yendi ta Bimbila. Jama'a, hanyar nan! Rami na sallama wa rami. Ni ga jiki ɗanye, ga yaro a cinya, ga wata akuya da aka ɗaure a bayana tana cin bakin mayafina. Kafin mu isa Yendi ƙuguna ba nawa ba ne. Shi kuwa gogan ko ƙis bai yi ba, barcinsa ya sha. Wata mata ta ce ba ta taɓa ganin jariri mai haƙurinsa ba. Ba ni na faɗa ba, ita ta faɗa.

A Yendi muka sauka wurin Inna Atikatu, ƙanwar Mma, mai sayar da koko da ƙosai a bakin tasha. Tana ganinmu ta bar ludayi a tukunya.

"Ga angona! Miƙo mini shi. Kai, wannan wane irin ango ne, ya zo wurin amarya ba ko goro sai kashi a zani?"

Da safe ita ta yi masa wanka. Da ta gama ta shafe shi da mai, sai ta miƙe ta riƙe shi ta hammata ta cilla shi sama, ta cafe. Ta sake. Ta sake. Haka ake yi a wurinmu bayan wanka, namiji sau uku, mace sau huɗu, don zuciyar yaro ta zauna kada ya tashi matsoraci. Na sha gani ana yi wa 'ya'yan mutane ina tafi. Ranar da aka yi wa nawa, hanjina ya bi shi sama.

Na fara haɗa kaya sai Inna ta ce, "Kwance su. Nan za ki yi wankanki."

"Wane nan, Inna? Bawku za ni."

"Yaya Lariba ta aiko direba tun kafin ki haihu. Ta ce in kin iso in riƙe ki."

Na ce ƙarya direban ya yi. Inna ta zauna a kan turmi ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"Ke kam kin zauna da mace shekara da shekaru, idonki na ina? Yaushe rabon da ki ga ta ɗaga hannu biyu a addu'a har malam ya shafa? Kafin a kai rabi na daman ya koma kan cinya. Curin nan ba ƙarfi ba ne, 'yar nan. Nama ne jijiyarsa ta tsinke ya gudu sama. Hannun yana ɗauka, amma ba ya riƙewa, ba ya murɗawa. Ce miki aka yi hanya ta hana ta zuwa Salaga? Ta je surukanki su miƙa mata jariri a gaban dangi su ce ga Mai Ƙwanji, a ba ta wuri?"

Raina ya ɓaci, ban ma san da wa ba. Na ce, "Uwata na da rai in yi wanka a Yendi? Me matan Bawku za su ce mata?"

"Oho, ni ba uwarki ba ce ke nan. Kokona nawa kika sha kina yarinya?"

"Inna, ba haka nake nufi ba."

"Na san abin da kike nufi. Taurin kai dai kin gado, ba a wurina ba." Ta ƙulle mini ƙosai a takarda, ta raka mu har cikin mota. Da direba ya tayar, ta leƙo ta taga. "Wankan za ta iya, a kan ƙafa ake yi. Jifan ne. In ta miƙe za ta jefa shi, ki tsaya kusa."

Daga Yendi zuwa Bawku ba zan ba ku labari ba, don ko tunawa na yi bayana ciwo yake. Mun bi ta Gushegu, a gangaren Nakpanduri aka ce kowa ya sauka ya taka, na taka da goyo. Ana la'asar muka shiga gida.

Mma na zaune a ƙofar ɗaki tana tsince ruɓaɓɓiyar albasa. Ta rame. Ta ɗago ta gan ni, ba guɗa, ba komai.

"Ban ce ki zauna Yendi ba?"

"Mma, ko sannu da hanya?"

Sai ta goge hannu a zani ta miƙo na hagu. Na kwanto shi na ɗora mata. Ta daɗe tana kallonsa.

"Sannu da zuwa, maigida," ta ce. "Ka zo ka tarar da tsohuwa."

Da yake Inna ta buɗe mini ido, sai na fara ganin gidan. Wankin da ke kan igiya yana ɗiga har ya haƙa rami a ƙasa, ba a matse ba. Kwaɗon ɗakin ajiya a rataye kawai yake, ba a kulle ba. Muciyarmu ta yi ƙura a bayan randa, tuwon saye take ci tun da na yi aure. Ni kuwa duk zuwan da na yi a baya, zaman hira na yi ina ba ta labarin Salaga.

Washegari matan gida suka taru ganin wanka. Gidanmu gidan haya ne, ɗaki-ɗaki, ba abin da ake yi a ɓoye. Kan gaba Fulera, maƙwabciyarmu mai sayar da shinkafa da wake, wadda muryarta ke riga ta shiga ko'ina. Mma ta zauna a 'yar kujera ta miƙe ƙafafu a kan baho, ta kwantar da shi a ƙwaurinta. Wallahi da kun ga wankan nan! Hajiya Awawu ta yi masa, Inna Atikatu ta yi masa, amma wannan daban ne. Ta gasa masa kai da tsumma mai zafi tana mulmulawa, ta ja hancin, ta haɗa hannayensa a baya, ta tanƙwara ƙafafun, tana yi tana yi masa tsiya. Yaron da ke tsala ihu wurin kowa, a ƙafar Mma miƙa kawai yake yi.

Amma ni hannun dama nake kallo. In ta ɗebo ruwa a ƙoƙo za ta juya ta zuba, sai ƙoƙon ya yi rawa, rabin ruwan ya zube a gefe. Can sai ta mayar da ƙoƙon hagu. Da ta gama shafa mai ta naɗe shi a tawul ta miƙo mini.

Fulera ta ce, "A'a, jifan fa?"

"Ya sha hanya. A bar shi ya huta."

Da kowa ya watse na same ta a ɗaki ta dafe damtsen, curin yana motsi da kansa kamar ɓera a cikin buhu. Ta ce ba komai, haka yake yi in ya yi aiki, yanzu zai saki. Bai saki ba sai wajen azahar. Ranar ba ta je kasuwa da wuri ba.

Kashegari ta ce cibiyarsa ba ta gama warkewa ba. Wanshekare ta ce bai daɗe da shan nono ba, zai yi tumbuɗi. Haka muka yi ta yi. Kullum da dalili, kullum wankan na ƙara cin ta, tana tashi daga kujerar nan kamar wadda ta yi noma. Matan gida suka fara magana, da wasa da wasa.

"Mai Ƙwanji, ko tsoro kike kada ki cilla shi ya wuce kwanon rufi?"

Aka yi dariya, Mma ma ta yi. Ana cikin haka bokiti ya faɗi a bakin rijiya, Yusif ya zabura ya watsa hannuwa ya fashe da kuka. Duk jariri na yin haka, na sani. Amma sai kowa ya dubi Mma.

"Kin gani ko?" in ji Fulera. "Tun yanzu. Wannan in ya girma zakara ya yi cara sai ya shige ƙarƙashin gado. Kawo shi nan in jefa miki, in ke kin tsufa."

"Jikan nawa?"

"To ai ba a bar shi haka ba, Mma Lariba. Za a mayar da shi Salaga su ce Bawku ba a iya wanka ba."

Mma ta zubar da ruwan bahon. Ta ce, "Gobe ku zo ku ƙirga."

Da rana zafi ya kwantar da kowa. Ni ma na ɗan runtsa da yaron, sai fitsari ya tashe ni. Na zaga bayan ɗaki, wajen da muka jibge doyar da Mutaru ya aiko. Sai na hango Mma a tsaye ita kaɗai. Ta zaɓi doya mai girman jariri ta naɗe ta da tsohon tawul. Na laɓe jikin katanga.

Ta cilla. Ta cafe, amma da hagu da ƙirji, na daman taimako kawai ya yi. Ta tsaya tana numfashi. Ta sake cillawa. Wannan karon nauyin ya sauka a dama, na ga hannun ya buɗe kawai kamar ƙofar da ba sakata, doyar ta zame ta daki ƙasa. Ƙarar ba ta da yawa. Tawul ɗin ya warware, ga doya biyu, fari tas a tsakiya.

Mma ta tsaya tana kallonta. Ba ta yi tsaki ba, ba ta yi salati ba. Ta tura gutsattsarin gefe da ƙafa, ta murza damtsen, ta sunkuya ta zaɓi wata. Na tsaya har ta fasa uku. Fitsarin da ya tashe ni ma na manta da shi, na koma ɗaki na ɗauki yarona na rungume, yana barci na tashe shi na ba shi nono don dole.

Da yamma doya muka ci da manja, tukunya cike, har aka miƙa wa maƙwabta. Fulera ta aiko da godiya, wai surukin Mma ya iya zaɓen doya.

Na ce, "Mma, ko a bar jifan nan? Inna Atikatu ta yi masa a Yendi, ai ya samu."

"Na Yendi daban."

"To ko Fulera ta..."

"Ni na jefa ki. 'Ya'yan Fulera biyu na farko ni na jefa su. Ci abincinki, mai jego ba ta surutu."

Na ci. Me zan ce? Uwata ce. Tun da nake ban taɓa ce mata a'a a gaban mutane ba, a bayan mutane ma sai dai in yi gunaguni.

Da safe matan suka cika tsakar gida, har da na gidan gaba, don Fulera ta kai labari. Mma ta yi wankan a hankali, ta ja shi fiye da kullum. Ta shafa mai. Ta dafa bango ta miƙe. Ta sa hannuwa a hammatarsa ta ɗaga shi, jikinsa na sheƙi da man kaɗe, santsi kamar tarwaɗa. Na matso kusa yadda Inna ta ce. Daga nan ina ganin hannun daman yana ɓari tun ba a jefa ba. Ƙasan wurin siminti ne.

"Mma," na ce.

Ba ta dube ni ba. Ta ɗan durƙusa za ta cilla.

Kun san ni, magana ba ta kwana a cikina. Ban shirya ba, fitowa kawai ta yi, da ƙarfi kuma, har na gidan gaba suka ji.

"Mma, doya uku kika fasa jiya!"

Tsit. Ko kaji ba su yi motsi ba. Mma ta tsaya a yadda take, yaro a sama, ƙafafunsa na lilo. Na ce yau sai ta tsine mini. Sai ta sauke shi a hankali ta manna a kafaɗar hagu, ta koma kan kujerar ta zauna.

"Huɗu," ta ce. "Ba ki ga ta farko ba."

Fulera ta ce, "Wace doya? Me ake ciki ne?"

Mma ta naɗe hannun riga, irin yadda take yi wa masu lori, sai dai ba dariya. "Zo, Fulera. Bar curin, kin sha ganinsa. Sa yatsanki nan ƙasa."

Fulera ta sa. Yatsan ya shige ramin har ya taɓa ƙashi.

"Taɓa naki ki ji. Akwai igiya a wurin, ko? Nawa babu. Tun shekarar yunwa."

Fulera ta taɓa nata, ta sake taɓa na Mma. Muryar nan tata ta yi ƙasa, abin da ban taɓa ji ba. "La ilaha illallahu. Kuma kika bari muna kiranki ɗaukar kaya? Ko watan jiya ke kika sauke mini tukunyar biki."

"Na kwana uku ban ɗaga hannu ba."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Mai saye daga Kumasi in ya sauka, rumfar wa yake tambaya? Da sunan nan na ciyar da gida bayan rasuwar ubansu. Sai in ce musu ƙarya ne?"

Wata tsohuwa ta gidan gaba ta ce Allah ya sawwaƙe, aka ce amin a hankali. Fulera ta miƙo hannu biyu. "Kawo shi, Mma Lariba. Ba da tsiya ba wallahi. In jefa miki."

Mma ta ƙara manne shi. Na ɗauka za ta ba ta, don ba wata hanya. Sai ta juyo ta dube ni, karo na farko tun da na yi maganar.

"Ke mai baki. Tunda bakinki ya iya, zo mu ga hannun."

Matan suka ɗauka gaba ɗaya. Mai jego? Ɗan fari? Ina aka taɓa yi? Yarinyar da ko sunansa bai kamata ta kama ba? Mma ta ce, "Jikana ne, 'yata ce. Wadda abin bai yi mata ba ga ƙofa." Ba wadda ta fita, kowa na son gani.

Na karɓe shi. Mma tana zaune tana ba ni umarni kamar mai koya wa mutum tuƙi.

"Goge man hannunki a zani tukuna. Babban yatsa a ƙirji, sauran a baya, ki tallafi ƙeya. Buɗe ƙafa. Kada ki kalli ƙasa, fuskarsa za ki kalla. Ba sama can ba, ba ƙwallo ba ne, ya bar hannunki kawai ya dawo. In zai sauko ki bi shi ƙasa, kada ki tsaya ƙiƙam. To, bismilla."

Na cilla. Wallahi ban san ko ya kai tsawon tafin hannu ba, amma ya bar hannuna, na ji ya bar shi. Ya dawo. Idonsa ya buɗe tar, bakinsa ya yi zagaye. Fulera ta ce ɗaya. Na biyu na ji daɗinsa. Na uku yana dawowa ya tsula mini fitsari a fuska, tsakar gida ta kece da dariya, wata ta rangaɗa guɗa. Bai yi kuka ba! Ku rubuta ku ajiye, ko uhum bai ce ba. Na juya in nuna wa Mma, sai na ga ta jingina kai da bango ta rufe ido, hannun daman a yashe a kan cinya.

Ranar ba ta yi mini magana ba, kashegari ma sai abin da ya zama dole. Miƙo sabulu. Ƙara ruwan zafi. Yanzu haka muke yi: ita ke wanka a kan ƙafarta, ni ke zuba ruwa, in ta gama ta miƙo mini in jefa. Ta fara sakewa kaɗan-kaɗan, shekaranjiya har ta ce jifana ya fara kama da na mutane.

Labari kuwa kafin ranar kasuwa ya gama Bawku. Mata suka yi ta zuwa taɓa ramin hannun, kowacce da maganinta, wannan ta ce kitsen damo, waccan ta ce akwai wani mai magani a Zebilla. Mma ta karɓa ta yi godiya ta tara a kan taga. Da ta dawo daga kasuwa na tambaye ta yaya. Ta ce lori ya zo, yaran suka sauke mata buhunanta har cikin rumfa, ɗaya ya ce mata sannu Mma Lariba.

"Yau ba wanda ya kira ni Mai Ƙwanji," ta ce. Ban gane ko daɗi ta ji ko akasin haka ba, ban kuma tambaya ba. Na koyi wannan dai.

Jiya da hantsi aka yi haihuwa a gidan gaba, 'ya mace. Tsohuwar nan ta shigo da kanta ta durƙusa a ƙofar ɗakinmu. Ta ce sun ga wankan da ake yi wa Yusif, ba mai irin hannun nan a zangon yanzu. Don Allah Mma ta zo ta wanke musu, jifan a samu wata ta yi, ai yanzu kowa ya san yadda ake ciki. Ni har na fara murna, na miƙe zan ɗauko mata mayafi.

Mma tana kwance a tabarma, Yusif na barci a jikinta ta hagu. Ba ta ko tashi zaune ba.

"Ku yi haƙuri, ku kira Fulera," ta ce. "Na gaji. Wannan ɗayan ya ishe ni."

Tsohuwar ta ɗan jira ko za ta sake magana. Da ta ga shiru ta yi sallama ta fita. Na mayar da mayafin kan ƙusa. Kafin in juyo Mma ta yi barci, da rana tsaka, ranar kasuwa.